Dutsen Zuma Da Tsohuwar Abuja

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi kudu, idan ya wuce Tafa da Sabon Wuse ya bar mararrabar Dikko a baya, ba ya bukatar wani ya gaya masa cewa ya kusa Suleja. Dutsen Zuma ne zai sanar da shi. Da fari yakan hango shi can nesa kamar hadari ya taso daga ƙasa, sa'an nan hanya ta karkata ya ɓace, in an jima kaɗan sai ga shi ya sake bayyana, ya tare rabin sararin sama, baƙi ƙirin, da zane-zanen fari da suka gangaro daga bisa har ƙasa. Ran da muka zo da hantsi ne, cikin motar haya, sai na lura hirar da ake ta yi tun daga tasha ta mutu. Wata tsohuwa da ke bayana ta yi salati a hankali. Wani saurayi kuwa ya fid da wayarsa ya ɗauki hoto, ya ce wa abokinsa, ga dutsen Abuja nan.

Maganar saurayin nan ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ta wata fuska ya yi kuskure, domin dutsen yana cikin Jihar Neja ne, kusa da Madalla, kafin a shiga Zuba. Ta wata fuskar kuma ya faɗi gaskiyar da shi kansa bai sani ba, domin garin da muke kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali, kuma ya yi shekara kusan 150 yana amsa wannan suna tun kafin a aza tubalin farko na babban birnin tarayya. Na sauka a garin na kwana biyu, na zaga unguwanninsa, na zauna da dattawa, na je har gindin dutsen. Abin da na gani da abin da aka gaya mini, da wanda na karanta a littattafan da 'yan garin suka rubuta da hannunsu, shi ne zan kawo wa mai karatu.

Fitar Makau Daga Zazzau

Asalin labarin yana can birnin Zariya. Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau yana cikin sarakunan ƙasar Hausa da suka karɓi kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo hannu biyu. Da ya rasu, ɗansa Muhammadu Makau ya gaje shi, shi kuwa bai bi hanyar mahaifinsa ba a wannan al'amari. Saboda haka Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga wurin Shehu, ya taho da jama'arsa tare da Yamusa suka auka wa birnin. Littafin tarihin Abuja ya sa wannan abu a shekarar 1804, amma masanan da suka gwada shi da rubuce-rubucen Sakkwato sun fi karkata ga ƙarshen 1808.

Yadda mutanen Suleja ke ba da labarin shi ne, ranar Babbar Salla ce, Sarki ya fita masallacin Idi a bayan gari tare da hakimansa, sai mayaƙa suka zo ba zato, hanyar komawa fada ta gagara. Wannan riwaya tana warware wani abu da in ba ita ba da ya zama abin mamaki. Ranar Salla sarki ba ya fita shi kaɗai. Yakan fita da manyan 'yan majalisarsa da barade da makaɗa da kayan sarauta. Watau ke nan da Makau ya juya ya nufi kudu, sarauta ce sukutum ta tashi ta bi shi, da takobinta da tamburanta da masu riƙe da muƙamanta. Ya bi ta Kauru da Kajuru, ana biye da shi ana yaƙi, har ya iso Zuba, garin Koro, wanda tun da can yake cikin ƙasashen da ke biyayya ga Zazzau. A nan ya sami wurin sauka.

Makau bai kafa gari ba. Sauran kwanakinsa a kan doki ya ƙare su, yana kare kansa daga masu binsa, yana kuma kai hari don ya ciyar da jama'arsa, har ajali ya same shi a yaƙin Lapai cikin 1825. A Zariya ana tuna shi a matsayin sarkin da ya ƙi jihadi. A Suleja kuwa ana tuna shi a matsayin Musulmi mai ibada wanda aka raba shi da gadon ubansa yana kan sallar Idi. Na ji duka biyun daga bakin mutanen kirki, ban kuwa ga dalilin da zai sa marubuci ya share ɗaya don ya gyara wa ɗayan zama ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, har gobe Sarkin wannan gari Sarkin Zazzau ake kiransa, ana ƙarawa da sunan Suleja don a bambanta shi da na Zariya.

Abu Ja Ya Kafa Gari

Bayan rasuwar Makau jama'a suka naɗa ƙanensa Abubakar, wanda ake wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa. Shi ne ya ga cewa zaman sansani ba zai ɗore ba. A cikin 1828 ya zaɓi wuri a bakin kogin Iku, a gindin tsaunuka, inda akwai ruwa rani da damina, kuma dawakin abokan gaba ba su iya sukuwa yadda suke so. Shekara guda bayan haka aka fara ginin ganuwa. Garin ya ɗauki sunan mai shi, aka ce Abuja.

Wanda ya shiga tsohon gari a yau ya bi ta wajen fada, zai ji sunayen unguwanni irin su Wambai da Magajiya da Kurmin Sarki, ya ji ana ambaton Madawaki da Galadima da Dallatu da Iya da Sarauniya. Waɗannan sarautu ba a nan aka ƙirƙire su ba, daga Zazzau aka taho da su. A cikin tsarin da aka zo da shi har da muƙaman malamai, kamar Limamin Juma'a da Salanke da Magajin Malam, wanda shi ne wakilin Borno a wajen naɗin sabon sarki, abin da ke nuna tsohuwar dangantakar Zazzau da Borno tun kafin jihadi. Saboda wannan ne masanin nan M. G. Smith, da ya tashi rubuta littafinsa a kan mulkin Zazzau wanda aka buga a 1960, ya dogara da bayanin Abuja don ya gane yadda sarakunan Hausa na da suke tafiyar da mulki. Abin da ya sauya a Zariya, a nan aka adana shi kamar irin shuka a cikin rumbu.

Abu Ja ya yi sarauta har 1851. Abu Kwaka, wanda ake kira Dogon Sarki, ya gaje shi har 1877, a zamaninsa kuma fatake suka sami hanyar shiga garin. Daga nan sai Ibrahim Iyalai, wanda a zamaninsa ne, cikin 1893, Sarkin Zazzau Yero ya taho da rundunarsa daga Zariya don ya gama da Abuja, aka gwabza a Farin Ruwa, rundunar ta koma ba ta ci nasara ba. Wannan shi ne abin alfaharin garin, cewa tun da aka kafa shi ba wata tuta da ta ci shi da yaƙi sai da Turawa suka zo da bindigoginsu a 1902, shekarar da Ibrahim ya rasa ransa.

Amma tilas mu faɗi ɗaya gefen. Laƙabin Ibrahim Iyalai shi ne Dodon Gwari, kuma ba a ba mutum irin wannan suna don wasa. Ƙasar nan da masu ita tun kafin Makau ya zo, watau Koro da Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Gade da Gwandara da Bassa. Waɗansu sun yi amana da Abuja suka zauna lafiya suna biyan gandu, waɗansu kuwa sun sha hari da kamu. Jikokin waɗanda suka kai harin da na waɗanda aka kai wa, yau ga su nan a kasuwa ɗaya suna ciniki, sun yi auratayya, 'ya'yansu na aji ɗaya a makaranta. Tarihin Suleja nasu ne su duka.

Kurmin Da Ba A Shiga

Kashegari da sassafe na nufi Zuma. Wani dattijo da na samu yana hutawa a inuwa kusa da gonarsa, bayan mun gaisa na tambaye shi, na ce, “Baba, wai gaskiya ne da can ba a zuwa nan?” Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Ɗana, inda kake tsaye ɗin nan, kakana ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai tsaya ba. Duk nan kurmi ne, rana ba ta taɓa ƙasa.” Na waiwaya ban ga kurmi ba. Gonaki na gani, da gidajen bulo, da turakun lantarki, da manyan motoci suna wucewa a kan titi.

Riwayar mutanen Zuba ta ce kakanninsu Koro daga gabas suka taho, daga wajen Kwararrafa, an kuwa yi musu ishara cewa kada su zauna sai sun iske wani babban dutse. Da suka iso suka tarar da dajin cike da zabi, suka kira wurin Zumwa, wai ma'anarsa wurin kamun zabi, daga nan sunan Zuma ya fito. Suka bar waɗansu daga cikinsu a cikin kurmin don su zama masu tsaron dutsen da yi masa hidima, sauran suka matsa gaba suka kafa garuruwa. Ana danganta ƙauyen Caci da waɗannan masu tsaro.

Mafi kyawun bayanin da muke da shi a rubuce ya fito ne daga Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihin garinsu da al'adunsa da Hausa, wani Bature mai suna Frank Heath ya juya shi zuwa Turanci aka buga a Ibadan cikin 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Sun bayyana cewa kurmi mai duhu ya kewaye gindin dutsen, a tsakiyarsa akwai ɗan ƙauye wanda sarkinsa shi ne mai kula da tsafin, kuma baƙo ba ya shiga. Sun ce a da Sarkin Abuja yakan aika da baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare don a yanka. A bakin jama'a kuma labari ya yi ta ƙaruwa, kamar yadda labarin abin da ba a gani ba yakan yi. Aka ce ana yanka mutane a can. Aka ce wanda ya shiga ba ya fitowa, in ma ya fito ba zai ga baɗi ba. Aka ce rundunar da ta wuce ta gaban Zuma da mugun nufi ba ta komawa da nasara. Har yau akwai masu cewa rayukan matattu can suke komawa, da masu rantsuwa cewa sun ga wuta na ci a ƙwanƙolin dutsen da tsakiyar damina.

A zamanin Turawa sai wani Di'o ya ƙudura sai ya gani da idonsa, ya tafi tare da waɗansu manyan garin, bayan an yi ta ba su magana cewa kada su je. Suka kutsa cikin kurmin har suka isa ƙauyen. Abin da suka tarar shi ne mutane kamar kowa, da gidajensu da tufafinsu da abincinsu. Sarkin tsafin ya karɓe su, ya amsa tambayoyinsu, ya nuna cewa dabbobi ake yankawa. Suka komo gida lafiya, ba abin da ya sami ko ɗayansu. Gani ya kori ji.

To, a nan ne abin tunani yake. Da labari ya bazu cewa an shiga an fito, tsoro ya fara raguwa. Da tsoro ya ragu, gatari ya shiga. Mai neman itacen girki ya sara, mai neman gona ya share, mai gawayi ya ƙone, daga baya mai neman fili ya zo da ma'auni. Kurmin da ya gagari mayaƙa shekara da shekaru, manoma da masu itace suka gama da shi cikin zamani ɗaya ko biyu. Babu mai hankalin da zai ce a komo da tsoron dutse, domin dutse halitta ce, ba ya amfanarwa ba ya cutarwa sai da ikon Mahaliccinsa. Amma ya kamata mu yarda cewa wancan tsoro yana yin wani aiki, watau tsare itatuwa da namun daji da idanun ruwa, kuma da muka kore shi ba mu naɗa kowa a gurbinsa ba. Dattijon nan ya ce mini tun yana yaro rabonsa da ganin garken zabin daji a wurin da aka ce da sunansu aka sa wa dutsen suna.

Game da fuskar mutum da ake gani a jikin dutsen, da idanu da hanci da baki, na tsaya na dube ta da kyau daga gefen titi, lalle kuwa tana nan. Masana ilmin duwatsu sun bayyana cewa Zuma dunƙulallen dutse ne mai tauri wanda ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa tun zamani mai nisa, ruwa da iska suka yi ta cinye ƙasa mai taushi da ke kewaye da shi har ya rage shi kaɗai a tsaye. Ramukan da suka zama idanu da baki wuraren da dutsen ya ɓantare ne, zane-zanen kuwa sawun ruwan sama ne da ke gangarowa kowace damina. Wutar da ake faɗi, waɗansu na danganta ta da duwatsun da kan suɓuce su gangaro suna gogar juna in ruwa ya jiƙa bisan. Kusa da dutsen akwai wani ƙaton ginin otal da aka fara aka bari shekaru masu yawa, jama'a kuwa ba su rasa abin faɗi ba, suka ce aljanun Zuma ne suka hana. Da na ambata wa dattijon, sai ya yi dariya ya ce, “Malam, aikin da aka fara aka bari a ƙasar nan, duka a gindin Zuma suke?”

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Kusan kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da irin wannan labari a gindinsa. Kano tana da Dala da Barbushe da Tsumburbura. Daura tana da rijiyar Kusugu da macijinta. Zazzau kanta, inda su Makau suka fito, tana da Kufena da Turunku. Malaman da suka rubuta tarihin Kano Musulmi ne masu ilmi, amma ba su ga aibin buɗe littafinsu da labarin Barbushe ba, domin sun san wanda bai san duhun da aka fito daga cikinsa ba, ba zai san darajar fitilar da ke hannunsa ba.

Haka abin yake har a ƙasashen Turawa. A Wales, ɗaya daga cikin ƙasashen Birtaniya, akwai ɗaruruwan ƙauyuka da sunansu ya fara da kalmar Llan, watau harabar majami'a, sa'an nan sunan wani bawan Allah nasu na da ya biyo baya, kamar dai yadda Abu Ja ya bar wa garinsa suna. A wani kwari da ake kira Pennant Melangell suna da labarin wata mai ibada da ta keɓe kanta a daji. Wai ran nan wani yarima ya fito farauta, karnukansa suka koro zomo, zomon ya shige cikin tufafinta tana tsakiyar addu'a, karnuka suka ƙi matsowa. Yariman ya ba ta kwarin ya zama mafaka ga duk wanda ya gudo, mutanen wurin kuma suka daɗe ba su kashe zomo. Majami'ar tana nan har yanzu da hubbarenta na ƙarni na 12, an gyara ta, ana zuwa ziyara daga nesa. Ba duk mai zuwa ne ya gaskata labarin zomon ba. Abin da suka yi shi ne sun rubuta shi, sun tsare wurin, sun bar wa jikokinsu su yi nasu hukuncin.

Garin Da Ya Ba Da Sunansa

Bayan Turawa sun ci garin, Muhammadu Gani ya yi sarauta daga 1902 zuwa 1917, Musa Angulu daga 1917 zuwa 1944, sa'an nan Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gado. A zamaninsa ne Baturen nan maginin tukwane, Michael Cardew, ya zaɓi Abuja ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta yi sunan da ya kai har Ingila da Amurka.

A zamaninsa ne kuma babban al'amari ya zo. Ran 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya a tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kaso mafi girma na filin da aka yanka daga ƙasar Abuja ya fito. Bayan ƙasa kuma aka bukaci suna. Tsohon gari ya saki sunan da ya gada daga Abu Ja, ya ɗauki sabo daga sunan Sarki Sulaimanu, aka ce Suleja. Ma'aikatan farko da suka zo gina sabon birnin a Suleja suka fara zama. Sarki Sulaimanu Barau ya rasu a 1979, Allah Ya jiƙansa, bai ga ranar 12 ga Disamba 1991 ba, ran da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a birnin da ke amsa sunan kakansa.

Mai karatu ya duba aljihunsa. A takardar Naira 20 akwai Janar Murtala a gaba, Ladi Kwali a baya tana ginin tukunya. A takardar Naira 100 da aka fitar a 1999 akwai Zuma a baya, har ma bugun farko ya nuna dutsen a Abuja yake, sai da mutanen Jihar Neja suka yi magana aka gyara. Gari ɗaya ya ba ƙasa fili da suna da hotuna biyu na kuɗinta. Abin da ya samu a madadin haka, wanda ya kwana a garin ya gani: dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da ba su iya biyan kuɗin haya a babban birni sun tare a nan, tun asuba motoci ke kwasarsu ta Madalla da Zuba, da dare su komo a gajiye. Gidaje sun hau tsaunuka, sun gangara har bakin Iku, lunguna sun cushe, ruwan famfo da magudanai ba su kai yawan jama'a ba. Da yawa daga cikin mazauna garin na yau ba su taɓa jin sunan Makau ba.

Abin Da Ya Rage

Da yamma kafin in tashi na je Mayanka, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu a gefen gari. Sunan ya isa bayani, domin an ce a nan ake zartar da hukuncin kisa a zamanin sarakunan da. Na tarar da samari suna wanka suna ɗaukar hoto. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko ya san dalilin sunan, ya ce shi dai ya taso ya ji ana faɗi. Na tambaye shi inda ganuwar gari ta bi, ya ce bai san Suleja ta taɓa yin ganuwa ba. Ban ga laifinsa ba. Yaro ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba, kuma ni ma da na nemi sawun ganuwar sai da wani tsoho ya riƙa nuna mini da sanda, yana cewa ta bi ta nan, ta bi ta can, alhali gidaje ne a wurin.

Saboda haka ina kira ga masarauta da ƙaramar hukuma da Gwamnatin Jihar Neja, da 'ya'yan garin masu ilmi da masu hali, a kan abubuwa uku da ba su fi ƙarfinsu ba. Na farko, a sake buga littafin su Malam Hassan da Hausar da aka rubuta shi da ita, a sa shi a makarantun garin. Na biyu, a bi dattawan Koro da Gwari na ƙauyukan gindin Zuma a ɗauki maganarsu da harshensu tun suna da rai, domin abin da aka rubuta a kansu har yanzu yawancinsa daga bakin maƙwabta ya fito, su ba a ji nasu ba sosai. Na uku, a keɓe abin da ya saura na fili a gindin dutsen a dasa itatuwan gargajiya, a sa doka da masu gadi su yi aikin da tsoro ya yi a da, a kuma kafa alama a wuraren da ƙofofin ganuwa suke.

Da motarmu ta hau titin Kaduna da la'asar sakaliya, na waiwaya na ga rana ta bugi gefen Zuma ya yi ja. Ya ga zuwan Koro, ya ga Makau da dawakinsa a gajiye, ya ga rundunar Yero ta zo ta koma, ya ga Turawa sun zo sun tafi. Shi ba ya bukatar kowa ya tsare shi. Labarin mutanen da suka zauna a gindinsa shi ne ke hannunmu, kuma dattawan da suka riƙe shi kullum raguwa suke yi. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba Suleja da maƙwabtanta zaman lafiya, amin.